Mabuɗin da Ba Ya Ƙara

Allah ya karɓi abinsa wata Talata da hantsi, muka ce nasa muke, wurinsa kuma za mu koma. Surukina ne, mahaifin maigidana, wanda duk gidan nan ke kira Baba. Ya tsufa tukuf, jinyarsa ba ta yi tsawo ba, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, don haka ba wanda ya yi kururuwa. Jama'a kuwa ta zo. Daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, daga Zakirai, har 'yan'uwan da suka koma birni suka zauna wajen Rijiyar Zaki, kowa ya taka ya zo, tabarmi suka ƙare sai da aka aro na masallaci.

Ranar sadakar uku ina bayan katangar zaure ina raba gumba, sai na ji maza sun fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi ce in zaman makoki ya yi tsawo an fara tuna halin mamaci. Wani tsohon amininsa ne ke ba da labarin yadda marigayi ya sayar da rigarsa ta Juma'a a shekarar yunwa, ya sayo mabuɗin gwangwani ya kawo gidan da ko tuwo babu.

Wani ya ce, "Ai shekarar ce kuma ya hutar da gona."

Wani matashi ya ce, "Hutar da gona? A nan ƙasar?"

"Wallahi kuwa. Ya ce wai ta gaji. Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai abin mamaki."

Aka sake yin dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Baffa, ƙanen marigayi. Na ji ƙarar sandarsa, ya shigo cikin gida ya wuce ni ko kallo babu, ya shige ɗakinsa ya saki asabari. Matarsa da ke zaune cikin mata ta daina jan carbi ta sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci har gumba ta zube mini a ƙasa. Na daɗe ina jin wannan labari ina haɗiyewa, don mai shi yana raye kuma shi ya so a bar shi haka. Yanzu ya tafi, ba zan yarda a binne shi da sunan wawa ba.

Ba zan ce Baba mutum ne mai daɗin zama ba, ƙarya ba kyau ko a kan mamaci. Bai taɓa cin tuwona ya ce ya yi daɗi ba. In gishiri ya yi yawa zai aiko a faɗa mini, in ya yi daidai sai shiru, shirun nan shi ne yabona. Hannunsa a dunƙule yake. In ya ga ƙwayar hatsi ɗaya a tsakar gida sai ya sunkuya ya tsince ta, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce, "Wannan ita ma damina guda ta yi kafin ta iso nan." Mu matan gida mukan ce da kaji ne da shi maimakon surukai da ya fi jin daɗi.

Amma yana da wata ɗabi'a. Ba ya shiga gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, sau biyu, sannan ya ja takalmi a ƙasa kamar mai ciwon ƙafa. Kafin ya iso, mai ɗankwali a kafaɗa ta ɗaura, mai lasar miya ta ajiye ludayi, masu faɗa sun yi shiru. Inna, matarsa, Allah ya jiƙanta ita ma, ta taɓa ce masa, "Malam, gidanka ne fa, sai ka ce baƙo." Ya ce, "Babban da ya ga komai shi zai rasa gida." Wannan maganar ta zama tasa, har yara na kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa.

Ni da shi kuwa kunya ce tsakaninmu, kamar yadda aka saba tsakanin suruki da matar ɗa. Ina durƙusawa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana son gaya mini magana, Inna yake gaya wa da ƙarfi yadda zan ji. Duk maganar da muka yi baki da baki tsawon zamana a gidan nan ba za ta cika ƙoƙo ba.

Shekarar da nake magana a kai, damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na bunni, bai kai ga yin ido ba. Abin da aka girba ko rumbu bai rufe gindinsa ba. Baba da Baffa gandu ɗaya suke, noma tare, tukunya tare, kowa kuma da 'yar gonarsa ta kansa. Samarin gida, har da maigidana, duk suka fita cin rani tun kaka ba ta ƙare ba, aka bar tsofaffi da mata da yara. Kafin tsakiyar rani maƙwabtanmu na gabas sun cinye irin shukarsu, mun kuma ga yadda maigidan ya koma, yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Baba ya tara manyan gwangwanaye da ya samo a kasuwa, ya kira mai ƙera fitilar aci-bal-bal, aka zuba irin gero a ciki aka liƙe murafan da dalma.

Nan aka fara samun saɓani. Baffa ya kawo wani garin magani da ake cuɗa iri da shi saboda ƙwari, wanda kowa ya san guba ne, ya ce a zuba, ta haka ko yunwa ta haukata mutum ba zai taɓa ba. Baba ya ce toka ta isa, da ita iyayensu suka yi. Suka ja, suka ja, Baba ya kafe. Baffa ya ce to shi ke nan, amma a yi rantsuwa. Baba ya rantse a gabanmu cewa hannunsa ba zai buɗe gwangwanin iri ko ɗaya ba sai ruwan shuka ya sauka. Baffa kuma ya ce, "Ni ma ga tawa. Ranar da kunnena ya ji an huda gwangwanin nan, ranar za a raba gandu, kowa ya kama gabansa." Baffa ba mugu ba ne. Yara ne da shi rututu, ya kuma san gidan da ya ci iri bana, baɗi sai ƙaura. Raba gandu a wannan hali kuwa mutuwar gidan ce, don Baba ba shi da majiya ƙarfi a kusa, Baffa kuma ba shi da jakin kai taki.

Aka jera gwangwanayen a kan katako a ɗakin ajiya, ɗan ɗakin da muke ajiye kuka da kanwa da tsofaffin tukwane. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Baffa, bangon ma bai kai rufi ba. Kamar da gayya, kurkunu ya fito wa Baffa a ƙafa, ya kwantar da shi, ya wuni jingine da wannan bango yana fifita. Kullum da safe zai ja jiki ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga dalma na nan a kan kowanne, ya koma. A wurinmu kuwa gwangwani da wuƙa ake buɗe shi, a kafa tsininta a doka da dutse, ƙarar har gida na uku.

Muka shiga bazara da dusa da ganyen yaɗiya da ƙwallon goruba. Manya suka rame amma suna tafiya. Wadda ta kasa ita ce 'yar farina. Nonona ya ƙafe, dole aka yaye ta kafin lokaci, aka kai ta ɗakin kakarta. Cikinta bai karɓi dusa ba, duk abin da aka ba ta sai ya wuce. Da ta fara tsayawa tana dafa bango, sai ta koma rarrafe, daga baya ta koma zama. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, in an danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Inna ta ce tamowa ce, abin da take so kunun gero ne tsantsa, kaɗan-kaɗan, kullum. Geron kuwa babu shi a gidan nan sai wanda ke cikin dalma.

Ga ni uwa, ga 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in an ce jikinta ya yi tsanani sai in ce "Allah ya sawwaƙe" kamar 'yar maƙwabta ake nufi. Haka aka koya mana, haka na yi. Nakan fake da shara in bi ta ƙofar Inna don kawai in ji numfashinta.

Baba kuwa da ma ita ce abokiyar wasansa. Amaryarsa yake ce mata. Yana shigowa zai ce, "Ina amaryar nan mai rowa, yau ma ba a yi mini tuwo ba?" ita kuma ta kama gemunsa ta ja. Wata rana ya shigo ya yi mata wannan wasa, ya miƙa mata gemun. Ta dube shi kawai, hannunta bai ɗagu ba. Ina daga ɗakin girki ina kallo ta kafar zana. Ya daɗe a tsugune a gabanta. Da ya tashi, ɗakin ajiya ya kalla, sannan ya kalli tafin hannunsa, ya fita bai ko ɗauki hularsa ba.

Ranar kasuwar Zakirai ya naɗe rigarsa ta Juma'a a cikin buhu ya tafi. Abin da ya faru a can daga bakin amininsa ya fito, shi da suka tafi tare, kuma shi ne labarin da ake ta dariya a kai har yau. Wai da ya sayar da rigar ya auni garin rogo kaɗan, sai ya zarce wurin 'yan koli ya tsuguna gaban mai sayar da cokula da reza, ya ce a nuna masa mabuɗin gwangwani. Ɗan koli ya fito da iri biyu. Ɗaya mai baki kamar farcen shaho, sai an doka shi da tafin hannu ya huda, sannan a bi gefe ana ɗagawa. Ɗayan mai kunnuwa biyu da ake murɗawa, da ɗan haƙori da ke bin bakin gwangwani.

Ɗan koli ya ce, "Baba, ɗauki mai farcen nan, ya fi ƙarfi, ya fi araha, har jikokinka sa gada. Wancan na matan birni ne."

Baba ya ce, "Wanne ne ba ya ƙara?"

"Ƙara kuma? Ai ba rediyo ba ne, Baba."

"Na ji. Wanne ne ba ya yi?"

Wai sai da ya sa aka kawo wofin gwangwani, aka gwada duka biyun, shi kuma ya kara kunnensa kamar mai sauraron cikin kankana. Ya sa aka sake. Ya ce a ɗiga wa mai kunnuwan man gyaɗa a sake gwadawa. Ya tambaya ko hannun mace zai iya murɗa shi, macen ma wadda ba ta ƙoshi ba. Mutane suka taru suna kallo, wani ya ce yunwa dai ba ta bar kan kowa daidai ba bana. Ya biya mai tsadar, ya ƙara da ƙaramin gwangwanin kifi guda, ya kamo hanya.

Da la'asar ya shigo, ya yi gyaran muryarsa, ya zauna a tsakar gida inda bai saba zama ba, ya kira Inna da ƙarfi. "Zo ki ga abin da na sayo wa ɗakin girki." Duk muka leƙo. Ya ɗauki gwangwanin kifin ya kifa shi, gindi a sama. Inna ta ce, "Malam, ai ka juya shi." Ya ce, "Na sani. Ta gindi ake buɗewa, nan ne bakinsa yake sumul yadda aka yi shi tun asali. In an gama a mayar da shi yadda yake a ajiye, wanda ya gani daga sama sai ya rantse ba a taɓa shi ba." Ya maƙala haƙorin, ya murɗa a hankali, a hankali, yana ɗaga hannu yadda na ɗakin girki zai gani. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

Baffa ya jawo ƙafa ya fito bakin ƙofarsa. Ban taɓa jin ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ran nan.

"Yaya, rigarka ka sayar ka sayo wannan? Yara na kwana da yunwa, kai kana sayen abin wasa?"

"Rigata ce ko taka?"

"Me za a buɗe da shi a gidan nan? Faɗa mini, me za a buɗe?"

Tambayar ta tsaya daf da bakin rami. Baba ya juye kifin a ƙoƙo, ya miƙa wa Inna ya ce a lasa wa amaryarsa man, sannan ya ce, "Kifi. Ba ga shi ka gani ba?" Ya tashi ya shiga ɗakin girki, wurin da ban taɓa ganin ƙafarsa ba, ya kafa ƙusa a bango daidai kafaɗata, ya rataye mabuɗin. Baffa ya bi shi da kallo, ya bi ƙusar da kallo, ya koma ɗaki yana cewa, "Maganata dai tana nan. Kunnena ƙalau yake."

Na gane. Ba ni da wayo sosai amma ba a yi mini wannan karatu sau biyu. Sai dai ganewa daban, ɗaga hannu daban. In Baffa ya ji, ni ce baƙuwar da ta zo ta raba gidan mutane, ta ci irin yara da tsofaffi saboda 'yar da ko sunanta ba ta iya kira. In ban yi ba, ga abin da ke kwance a ɗakin Inna. Kwanaki suka wuce ina kallon ƙarfen nan yana kallona. Baba kuwa ya ɗauki sabon hali. Kullum bayan azahar zai tsaya tsakar gida ya ce da ƙarfi, "Ni na tafi gona, sai la'asar sakaliya," alhali babu abin yi a gona sai ƙasa mai zafi. In ya dawo ya yi gyaran murya, ya saci kallon ƙusa, ya ga mabuɗi yadda ya bar shi da ƙurarsa, sai ya wuce ɗaki kafaɗunsa a sake.

Ranar da yarinyar ta daina kuka, Inna ta same ni ina wanke tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba. Ta ce, "Je ki ɗebo mini kuka a ɗakin ajiya." Na miƙe. Ta riƙo zanena, ta rage murya ta ce, "'Yar nan, yatsuna sun ƙage, ba sa iya murɗa abin nan. Na gwada." Ta sake ni ta koma ɗaki.

Rana tsaka ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Na zare mabuɗin, na shafa masa ɗan man da ya rage a gindin kwalba, na soke shi a zane. Cikin ɗakin ajiya ina jin komai na Baffa ta saman bango, numfashinsa, da fat-fat ɗin maficinsa. Na ɗauko gwangwanin ƙarshe na can lungu, na rungume shi kamar jariri don kada geron ya yi motsi, na kifa shi a kan cinyata. Haƙorin ya zame sau biyu. Da ya kama, na murɗa.

Ɗan koli ya yi gaskiya, Baba ma ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma babu ƙarfen da ke yanka ƙarfe shiru. Ƙir, ƙir, ƙir, kamar ɓera na gwaguyar ƙwarya. Na murɗa na uku sai maficin Baffa ya tsaya.

Na daskare. Gumi na zuba cikin idona ban iya sharewa ba. Ba na jin numfashinsa, na san shi ma saurare yake, tsakanina da shi bai fi kamu biyu na ƙasa ba. Na ce a raina shi ke nan, na kashe gida ban kuma ceci 'ya ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai na ji ya saki wani nishi, ya ce, "Wayyo Allah ƙafata! Wayyo kurkunun nan zai kashe ni!" Ya shiga ƙwala wa matarsa kira ta kawo ruwan zafi, yana salati, yana buga gwangwanin alwalarsa a ƙasa. Na ce Allah ne ya kawo ciwon a kan gaɓa, na murɗe sauran cikin hayaniyar. Na juye geron a zane, na mayar da wofin gwangwani mazauninsa, dalma a sama kamar ba a taɓa ba.

Muka wanke tokar, Inna ta niƙa a dutse cikin ɗakinta kaɗan-kaɗan, don daka a turmi tona asiri ne. Kunun farko da tsinin cokali aka ɗiga mata. Ya zauna. Da Baba ya dawo ya yi gyaran murya ya saci kallon ƙusa, ya ga mabuɗi na sheƙin mai. Ya wuce ɗakinsa. Sai dai daren nan ya aiko a gaya mini miyar yaɗiya ta yi gishiri, ita kuwa ko ƙwaya ban sa ba, babu shi ma a gidan. Inna ta ce, "Rabu da shi, bakinsa ne ke neman abin faɗa."

Na koma ɗakin ajiya bayan wannan, ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa jin na yi laifi ba. Wata rana na ɗaga wani gwangwani da na san ban taɓa ba, na ji shi sakayau. Na fito muka haɗa ido da matar Baffa, wadda ɗan autanta shi ma ya fara kumburi. Ta kau da kai, na kau da kai. Har yau ba mu taɓa yin zancen ba.

Ruwan shuka ya sauka wata Alhamis da yamma. Washegari tun da sassafe Baba ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai, ya zuba gwangwanayen cikin mangala ya rufe, ya kora jaki gona kafin kowa ya fito. A can ya buɗe abinsa. Aka shuka gonar gandu, aka shuka ta Baffa, aka shuka gayauni, wato 'yan gonakin samarin da ba su dawo ba. Da aka zo kan tasa, babbar gonar arewa da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ya yi rani yana kai wa taki, sai ya saɓa sungumi ya ce, "Wannan ta gaji. Bana hutu za ta yi."

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman wannan magana ba. Nan gona na jingine da gona, ko hanyar jaki sai an yi faɗa a kanta, tun kakannin kakanni ba a taɓa barin taku ɗaya na ƙasa ba shuka ba. Ga shi kuma daminar ta yi kyau. Hatsi ya tashi ko'ina kore shar, gonar Baba a tsakiya sai ciyawa, kowa ya wuce sai ya nuna. Wasu suka ba shi ragowar wake ya watsa a gefe, shi ke nan. Aka yi masa waƙa a dandali. Aka daina neman shawararsa a kan noma, mutumin da da shi ake tambaya ranar fara shuka. Ya sha wannan duka bai taɓa buɗe baki ba. Da kaka amininsa ya tsokane shi a ƙofar gida, ya ce, "Malam, dami nawa aka samu a gonar arewa?" Lokacin yarinyar ta fara takawa, tana riƙe da yatsansa. Ya ɗaga ta ya saɓa a wuya ya ce, "Abin da na samu ya ishe ni."

Wannan shi ne abin da na sani, kuma na ɗauka shi ne duka, sai ranar sadakar ukun nan. Da jama'a ta ragu na kai wa Baffa kunu ɗakinsa. Na same shi zaune jingine da bangon nan dai, idanunsa jawur. Na durƙusa na ajiye zan fita, ya ce, "'Yar nan, zauna." Bai taɓa ce mini haka ba.

Ya ce, "Kin ji abin da suke faɗa a zaure?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Ke a zatonki kurma ne ni a shekarar nan?"

Na kasa ɗaga kai.

"Na ji ki. Tun murɗawar farko na ji ki. Ƙafata ba abin da take yi mini a ranar." Ya juya ludayi cikin kunu. "Na riga na yi rantsuwa gaban mata da yara. Da da wuƙa da dutse kika buɗe, duk gida ya ji, maƙwabta sun ji, dole in tashi in cika maganata, in raba gidan ubana da hannuna. Yaya ya san ni, ya san bakina ya fi zuciyata tauri. Ya je ya nemo abin da ƙararsa ba ta wuce kunnen mutum ɗaya ba, don mutum ɗaya yana iya cewa bai ji ba. Ke kina ganin ke ya saya wa. Ni ya saya wa."

Sai ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Na ga gonarsa a bushe, na san inda irin ya tafi, har da cikin ɗana. Ana yi masa dariya ina tsaye. Sau ɗaya na je zan yi magana, ya ce mini, in ka buɗe baki ka ɓata mini rigata a banza."

Daidai nan 'yar farina ta ɗaga asabari ta leƙo, ita da yanzu take da jikoki, ta ce baƙi sun zo daga Shanono suna neman Baffa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya ce mini, "Ɗauko mini ƙarfen nan in yana nan." Yana nan, a ƙusarsa, ya yi tsatsa, kunne ɗaya ya karye. Na ɗauko na ba shi. Ya riƙe shi a hannu ya nufi zaure, ina jin sa yana cewa tun daga bakin ƙofa, "Ku matsa mini, akwai gyara a labarin da aka bayar ɗazu." Ban bi na saurara ba. Na dai ji zauren ya yi shiru, shirun kuma ya daɗe.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, wanda bai taɓa faɗo wa kowa ba sai ya yi gyaran murya. Ka yalwata masa makwanci, ka sassauta masa tambaya. Abin da ya yi ba daidai ba ka rufa masa shi, kamar yadda ya sayar da rigar jikinsa ya rufa mana namu.